Kwana Biyar a Bukkar Mama Shamsa

Al Qusais, Dubai
3 ga Disamba

Zuwa ga yayana Kure,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Promise da yara. Ina fata jikin Baba yana ƙara sauƙi, hannun nan na dama kuma ya fara jin magana. Duk lokacin da na durƙusa yin addu'a, sunayenku ne farko a bakina. Allah ya ƙara maka ƙarfi a kan ɗawainiyar da ya kamata mu raba mu biyu, amma ta faɗo kanka kai kaɗai. Ni ma lafiyata ƙalau. Zafi ya sauka a nan, har da safe mutum kan nemi rigar sanyi. Yau ranar hutuna ce, ina ɗakin ƙawata Mary-Jane, ta tafi aiki ta bar mini tebur da shiru. Alhaji Musbahu, ɗan kasuwar nan na Kano da ke loda kaya a kasuwar Al Ras, zai bi ta Kaduna ranar Juma'a. Shi zai kawo maka takardar, haɗe da na'urar gwajin hawan jini da na yi wa Baba alkawari.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. Dalili shi ne sau biyu ke nan muna rabuwa baram-baram a waya kan maganar zuwan Baba ƙauye. Ni na ce ba zai je ba, kai ka ce ba ni nake kallon fuskarsa kowace safiya ba. A takarda ba za ka katse ni ba, ni ma ba zan ɗaga maka murya ba. Wani abu ya faru da ni cikin watan jiya, ina so ka karanta shi a natse, sa'an nan ka karanta wa Baba.

Ka san tsohuwar da nake jinya shekara biyu ke nan, Mama Shamsa. Ta haura tamanin, tana da ciwon suga da na zuciya. Bara ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, kuma tun da aka yi mata aiki ba ta ƙara takawa ba sai a keke. Gidan ɗanta Ubaid gida ne da babu abin da babu, amma ita sai ta wuni gaban taga tana kallon bango. Abinci kuwa, idan na samu ta ci cokali biyar, ranar na yi nasara. Abu ɗaya take nanatawa: a kai ta tsibiri. Mahaifinta mai nutso ne neman lu'ulu'u, daga baya ya koma sana'ar su, kuma yana da bukka a wani ɗan tsibiri can cikin teku, inda ta yi ƙuruciyarta. Mazan gidan kan je su gyara bukkar duk lokacin sanyi su yi kamun kifi, ita dai shekara goma sha ɗaya rabonta da wurin.

Da Ubaid ya nemi shawarata, na ce sam. Na lissafa masa: babu wuta, babu asibiti, babu famfo, ga yashi, ga banɗakin gargajiya. Likita ma ya girgiza kai. Ashe tana jin mu. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A rana ta uku ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce da ni cikin Larabcinta da take sassauta mini, ita ba warkewa take roƙo ba, kai ta kawai take so a yi. Ubaid ya gaji ya yarda da kwana uku, da sharaɗin shi zai je, ni ma zan je. Na haɗa jakar magani raina a ɓace, ina ganin an raina ilimina.

Mun yi awa biyu a mota, sa'an nan kusan awa ɗaya a jirgin ruwa mai inji, wanda wani dattijo ɗan Kerala ta ƙasar Indiya mai suna Zainul Abideen yake tuƙawa. Yaya, ni da na ɗauka na san Dubai, ban san akwai irin wannan wuri kusa da ita ba. Babu bene, babu mota, babu ko turken wuta. Farin yashi ne shimfiɗe, ruwa kuma garau har kana ganin inuwar jirgi a ƙasan teku. Ta gefe ɗaya akwai wasu itatuwa masu duhu da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, gurm suke ce musu, ga wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ruwan hoda tsaye a bakinsu, ko ɗaga kai ba su yi ba da muka wuce. Da aka kashe inji sai kunnena ya yi wani iri. Daga baya na gane shiru ne, na manta yadda yake.

Bukkar kuwa, da farko na raina ta. Ɗaki biyu ne da rumfa a gaba, duka da zarban dabino aka yi, an ɗaure da igiya, babu ƙusa ko ɗaya. Ƙasa yashi ne aka shimfiɗa tabarmi. Murhu duwatsu uku, kamar na Mama, Allah ya ji ƙanta. Sai da na zauna ciki na fara girmama wanda ya tsara ta. Rana ba ta shiga, amma iska na ratsa bango ta ko'ina, har ka fi jin daɗinta a kan sanyin na'ura. Bangon arewa ninki biyu ne, ƙofa kuma ta juya masa baya. Mama Shamsa ta ce duk gyaran da 'ya'yanta da jikokinta suke yi, a kan sawun mahaifinta suke yi, ba su taɓa gusar da turke ɗaya daga inda ya kafa shi ba.

Keken nata ya nutse a yashi tun daga bakin ruwa, sai Ubaid ya ɗauke ta a hannu. Da suka kusa rumfa ta ce ya sauke ta. Na buɗe baki zan hana, ta kalle ni, na fasa. Ta sa na cire mata takalmi, ta kama sanda da hannu ɗaya, kafaɗata da ɗayan, ta taka. Na ƙirga, taku goma sha ɗaya. Zainul Abideen ya gasa kifin da ya kama a hanya, ta zauna a tabarma ta cinye guda da hannunta, tana zare ƙaya ba tare da ta duba ba. Ubaid ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Washegari na zama ɗaliba. Da ruwa ya janye ya bar fili mai laka, ta zauna bakin ƙofa tana nuna mini da sanda inda zan tona. Duk inda na ga ƙananan ramuka biyu kusa da juna, akwai wata 'yar katantanwar teku a ƙasa. Na cika kwano, ta dafa su da albasa da busasshen lemun tsami. Ta koya mini yin wata gurasa mai laushi kamar takarda a kan faranti na ƙarfe, tana shafa ƙullun da tafin hannu, ni kuwa sau uku ina ƙonewa tana dariya tana cewa shwaiya shwaiya, wato a hankali a hankali. Kowane lungu na tsibirin yana da suna a bakinta. Ta san inda kunkurun teku ke fito da kai ya sha iska, ta ce in zuba ido, ba a jima ba kuwa sai ga shi. Matar da nake roƙo ta buɗe baki a gida, ita ce ta wuni tana ba maza biyu umarni, suna gudu.

Ranar da ya kamata mu koma, Asabar, ta roƙi ƙarin kwana ɗaya. Ubaid ya ga yadda take, bai iya hana ta ba. Sai dai ƙanƙarar da ke cikin kular magani ta kusa narkewa, ruwan sha kuma saura jarka ɗaya da rabi. Ya ce shi da Zainul Abideen za su je gaɓa su sayo, su dawo kafin azahar. Ta dubi teku, ta ce idan ya tafi ba zai dawo ranar ba, domin iskar arewa da suke kira shamal tana hanya. Tsuntsaye sun bar fili sun shige cikin gurm, ruwan can nesa kuma ya canza launi. Ya nuna mata waya, cewa masu hasashen yanayi sun ce sai gobe da yamma. Ya sumbaci goshinta ya tafi. Har yau ina zargin ba ta yi baƙin cikin tafiyar tasa ba.

Jirgi na ɓacewa ta sa ni aiki. Na shigo da komai ciki. Na jefa igiya biyu ta kan rufin na ɗaure su da manyan duwatsu. Ta sa na binne jarkokin ruwa rabi cikin yashi a inuwa. Allurar insulin kuwa, ta nuna mini wani tsohon tulu a kusurwa, ta ce in sa ta ciki, in naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu, in rataye inda iska ke ratsawa. Da ruwan teku muke jiƙa buhun don kada mu taɓa na sha. Da na sa hannu bayan awa ɗaya na ji cikinsa da sanyi kamar randar gidanmu, kunya ta kama ni, ni da ke da takardar shaida.

Kafin sha biyu iskar ta iso. Tekun nan mai kyau ya koma toka-toka, igiyar ruwa na dukan gaɓa kamar ana rushe gini. Yashi yana sukar fuska. Bukkar tana ta ƙara, tana lanƙwasa tana dawowa. Mama Shamsa ta ce in kwantar da hankalina, ɗakin da ke barin iska ta wuce ba ya faɗuwa. Kusurwa ɗaya ce ta rufin ta ɗaga, na hau kan kula na ɗaure ta, tana daga zaune tana gaya mini yadda zan zarga igiyar.

Akwai wani tudun yashi bayan bukkar, nan kaɗai ake samun sabis. Da na hau sai ga kiran Ubaid. An hana ƙananan jirage fita, kuma an ce iskar za ta kwana biyu. Ya ce zai iya neman masu gadin teku su zo su ɗauke ta, ko da jirgi mai saukar ungulu ne, amma ni ce nas, ni zan faɗa. Na roƙe shi minti goma. Na koma na gwada suganta, na gwada jininta, na saurari ƙirjinta. Tun da na fara jinyarta ban taɓa ganin lambobi masu kyau irin na ranar ba. Ta san abin da ake ciki. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki faɗa masa abin da na'urarki ta ce. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Yaya, ban taɓa tsayawa a wuri mai wuya irin wannan tudun ba. Idan na ce su zo, babu mai zargina, amma za a ɗaure ta a gado a ɗaga ta sama cikin wannan iska tana kuka, kuma na san ba za a sake kawo ta ba. Idan na ce a bar ta, wani abu ya faru, aikina ya tafi, bizata ta tafi, wataƙila har gaban hukuma. Na gaya masa gaskiya: lafiyarta ƙalau, magani zai kai kwana huɗu, ruwa zai isa idan muka yi tattali, kuma ɗaukarta cikin wannan yanayi ya fi barinta haɗari. Na yi alkawarin kiransa duk bayan awa uku, in kuma lambobi suka canza ni da kaina zan ce a zo. Ya ce khalas, wato shi ke nan, amma in sani tana wuyana.

Haka muka zauna mu biyu. Muna auna ruwa da ƙaramin kofin gahawa, muna cin gurasa da dabino da kifin da ta sa na barbaɗa wa gishiri tun ranar farko. Ranar Lahadi da safe ta ji ina rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ta tambaye ni, na ce yau ranar sujadarmu ce. Ta ce to in ɗaga murya mana, iska ce kawai za ta ji. Na yi waƙar nan da Baba yake so, da Hausa, har baiti huɗu. Da azahar ta yi taimama da yashin ƙofa don kada ta taɓa ruwan sha, ta yi sallarta a zaune. Ba zan ɓoye maka ba, da la'asar ranar suganta ya faɗi, ta fara gumi hannunta na karkarwa. Na ba ta dabino uku, na zauna ina kallon agogo, minti goma sha biyar da suka fi mini shekara tsawo. Ta dawo daidai. Na hau tudu na gaya wa Ubaid, ta ji haushina, na ce ai ita ta ce kada in rage.

A cikin wannan zama ne na ba ta labarin Baba. Na gaya mata yadda ɓarin jikinsa ya shanye, yadda muka ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidanka a Sabon Tasha, da yadda yake roƙo a kai shi ya ga haƙar cittarsa, ni kuma na hana. Na lissafa mata dalilaina kamar yadda na lissafa maka: hanya, nisan asibiti, rashin wuta. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Wannan duk abin da ke kike tsoro ne. Shi fa, kin tambaye shi me yake tsoro?" Shekara ɗaya da rabi ina tambayar Baba ko ya sha magani, ko ya yi barci, ko ya motsa hannu. Wannan tambayar ban taɓa yi masa ba.

Ranar Litinin da asuba ta ce in kwance duwatsu, iska ta gama. Kafin hantsi teku ya kwanta kamar ba shi ba, tsuntsaye suka fito. Jirgi bai gama tsayawa ba Ubaid ya diro cikin ruwa da kayansa. Ya same ta a rumfa tana shan gahawa, abin da ta fara tambayarsa shi ne ko wayarsa ta gaya masa iska ta tsaya.

Ba zan ce maka tafiyar ta warkar da ita ba. Mun dawo da tari, ya sauka a ƙirjinta, ta kwana huɗu a asibiti. Cikin kwanakin nan Ubaid ko kallona bai yi ba, na fara haɗa kayana a zuciya. Ranar da aka sallame ta ya same ni a kicin, ya ce in gaya masa duk abin da mahaifiyarsa ta faɗa cikin kwana biyun nan, kada in bar komai, domin akwai labaran kakansa da shi kansa bai taɓa ji ba. Mun fi awa ɗaya. Yanzu tana gida, kuma a gaskiya ƙarfinta bai kai na da ba, likita ya ce zuciyar tana gajiya. Amma tana cin abinci, tana faɗa da mai dafa shi, kuma ta aika jikokinta su je su kwance ɗaurin da na yi wa rufin, wai ɗaurin nas ne, ba zai kai bazara ba.

Saboda haka, Yaya, na janye maganata. Ka kai Baba gida. Ku tashi da safe, kada ku yarda yamma ta same ku a hanyar Kachia. Na rubuta yadda zai riƙa shan magungunansa a bayan wannan takarda, a gwada jininsa safe da yamma, a kuma nemi lambar ma'aikacin asibitin garin tun ranar da kuka isa. A kai masa kujera bakin gona, a bar shi ya yi wa masu haƙa faɗa yadda ya saba. Idan ya ce zai taka, a riƙe shi ya taka. Na san akwai haɗari, ban manta aikina ba. Idan wani abu ya faru, ba kai kaɗai ka yanke shawarar ba, mu biyu ne, kuma zan faɗi haka gaban kowa.

Wannan sashe na Baba ne, ka karanta masa a hankali. Baba, ka yafe mini. Na yi ta tsare ka don hankalina ya kwanta, ban kula da naka ba. Ina da tambayar da zan yi maka, amma ba ta waya ba ce. Ubaid ya ba ni hutun mako biyu cikin Janairu. Kada ka bari su dawo da kai Kaduna saboda ni. Ka jira ni a ƙauye, a can zan same ka.

Ka gaishe mini da Anti Promise, ka ce na gode da haƙurinta da mu duka. Ka gaishe da Jeffrey da Chastity, su dage da karatu. In kun isa, ka gaishe da Gwaggo Maimunat da mutanen gidanta, da duk wanda ya tambaye ni. Mary-Jane tana gaishe ku. Ubangiji ya kai ku lafiya, ya tsare hanya.

Taka ƙanwa,
Louisa